Ina Ruwan Ke Bi?

Shekara talatin ina auna atamfa a Kejetiya,
yadi shida, yadi goma sha biyu,
ban taɓa tauye wa kowa ko faɗin yatsa ba.
Da gwiwa ta ce ya isa,
na dawo na zauna a gidana na Asokore Mampon,
na ga tsakar gidan jar ƙasa ce tsirara,
sai ɓaraguzan bulo da magina suka bari
da wata tsohuwar taya da sauro ya mayar masauki.

Na ce lambu nake so,
inda zan shimfiɗa tabarma bayan la'asar,
jikoki su yi guje-guje ba takalmi.

Na farko ya zo da mota mai sanyi
da kati mai ruwan zinare.
Duk abin da na faɗa, ya ce an gama, Hajiya.
Ya nuna min hotuna a waya,
kore shar, har da ruwa mai tsalle sama.
Na ƙirga masa rabin kuɗi, sidi a kan sidi.
Ya ajiye min dashen kwakwa uku a jikin katanga,
ya ce sai Litinin.
Litinin ta zo sau tara.
Ashe hotunan na wani otel ne a bakin teku.

Na biyu ɗan ƙawata ne, shi ya sa ban ja zance ba.
Ya shimfiɗa ciyawa a kan ɓaraguzai
kamar mai rufe miki da sabon zane.
Ruwan Yuni ya sauka dare ɗaya.
Da asuba na tarar da lambuna
kwance a kwatar Maame Serwaa.
Ta tsaya riƙe da ƙugu, ba ta ce komai ba.
Gara ma ta zage ni.

Ita ce kuma ta turo min Ɗan'azumi.

Keke gare shi, da adda naɗe cikin buhu.
Ba kati, ba hoto.
Ya damƙi ƙasa ya matse, ya shinshina,
ya ce, in an yi ruwa, ina yake bi?
Na ce ban sani ba.
Ya ce to, ni ma ban san farashi ba tukuna.

Ranar da hadari ya haɗo daga wajen Aboabo
sai ga shi, jiƙe sharkaf.
Ya tsuguna a baranda, ya ƙi shayi,
yana kallon ruwa kamar mai karatun allo,
inda ya taru, inda ya ratsa, inda ya ci gindin katanga.

Na ce mangwaro nake so a nan.
Ya ce a'a, saiwarsa za ta fasa miki rijiyar bayan gida.
Na ce furannin nan na hoto fa?
Ya ce a'a, kwana arba'in ne ransu.
Raina ya ɓaci.
Sai na tuna yadda nake ce wa amarya,
wannan zanen zai zuba, ki bar shi,
ta fita fuska a ɗaure,
ta dawo bayan shekara da ƙannenta.

Kwana goma yana kwashe bulo kafin ya dasa ko tsinke.
Ya haƙa wa ruwa hanya, ya jera mata duwatsu.
Kuɗinsa kullum da yamma, na yinin kaɗai,
ya rubuta a bayan kwalin sukari, in sa hannu.

Yanzu akwai lemun tsami, da zogale, da ciyawar shayi,
da gwanda biyu, ɗaya ta ƙi haihuwa.
Ya ce a ba ta damina guda.

Kwakwar nan uku kuwa, biyu sun mutu.
Ta ukun ya dasa a bakin ƙofa.
Ya ce, ai kin biya kuɗinta.